Wa Ya Kashe Malfar Auta?

Malfa biyu aka saya rana ɗaya a kasuwar Dayi, a hannun mutum ɗaya, daga tsibi ɗaya, kuma kuɗinsu ɗaya. Wa da ƙane ne suka saye su ana cikin sharar gona, hadari bai fara haɗuwa sosai ba. Kafin a fara cin sabuwar masara, ta ƙanen ta gama aiki: ƙoƙonta ya lotsa, bakinta ya saki, in ka ja silin kaba ɗaya sai ya biyo hannunka ba gardama. Ta wan kuwa tana nan daram. Ta ɗan yi duhu, ta sha ƙura, amma ko sili ɗaya bai fita ba. Tun farko, iyakar abin da ya bambanta su a ido shi ne wata siririyar igiyar fata da ke lilo a jikin ta wan, wadda ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

Wanda bai san noman wannan yanki ba zai yi mamakin yadda malfa za ta jawo dogon zance. Dayi tana cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, inda hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo take haɗuwa da wadda ke gangarawa Malumfashi da Funtuwa. Ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya. Manomi yakan shiga gona tun kafin hantsi, ba ya fita sai bayan azahar, wani lokaci har la'asar. Da bazara zafi kan kusanci digiri 40, a watan Agusta kuma marka kan wuni tana zuba. A irin wannan wuri malfa kayan aiki ce, sahunta ɗaya da fartanya da garma, kuma wanda tasa ta mutu a tsakiyar damina ya san ya yi asara.

Ƙanen shi ne auta a ɗakinsu, da wannan sunan kowa ke kiransa. Wanda Auta ya fara tuhuma shi ne mai malfa, wanda ya sayar musu. Ran kasuwa ya ɗauki gawar malfarsa, ya ja yayansa a matsayin shaida, suka tsaya a gaban rumfar.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ka ba Yaya mai kyau, ni ka haɗa ni da ruɓaɓɓiya."

Mai malfa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Samari, da hannunka ka zaɓa. Kai ma ka fara ɗauka, yayanka abin da ka bari ya ɗauka. In akwai wadda ta fi kyau a ranar, taka ce."

Yaya ya gyaɗa kai, don haka aka yi. Mai malfa ya nuna musu wani tsohon baduku da ke zaune a gefen kasuwa yana ɗinkin kube da linzami, ya ce su kai masa, shi ya san ciwon malfa.

Tsohon ya ajiye basillarsa, ya karɓi malfar biyu, ya ɗora kowace a gwiwa ɗaya. Bai tambayi komai ba tukuna. Ya zare sili ɗaya daga ta Auta, ya nemi izini ya tsinki ɗan guntu daga cikin ta Yaya, ya ƙyasta ashana ya ƙona su ɗaya bayan ɗaya. Duka biyun suka ci wuta suka zama toka mai laushi, da ƙaurin ciyawa.

"Kaba ce, duka biyun," in ji shi. "Da roba ce, da ta narke ta dunƙule ta yi baƙin ƙullutu, warinta ma ya ishe ku."

Wannan gwaji yana da dalili, don yanzu kasuwa cike take da malfar zaren roba da aka shafa wa launi. Kaba ta gaskiya ganyen goriba ce tun tana ƙarama, kafin ta yi tsayi ta raba rassa. Goriba bishiyar ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa ce, shi ya sa ta fi yawa can arewa, wajen Daura da arewacin Jigawa da Yobe, da kuma Nijar, inda kwarin Gulbin Kaba a jihar Maraɗi ya yi suna da ita, mata na yankan ganyen suna kai wa kasuwa. A kudancin Katsina, inda Dayi take, ɗorawa da kaɗanya da giginya sun fi ta yawa, don haka galibin kabar da ake saƙa tabarma da igiya da malfa daga arewa take gangarowa. Ana tsaga ta siri-siri, a shanya, a jiƙa kafin saƙa don kada ta karye. Ta ɓangaren kayan saƙa dai, mai malfa ya fita.

Saura saƙar kanta, tunda ɗan kasuwa kan tattaro kaya daga hannun masaƙa da yawa, wani ƙwararre, wani ɗan koyo. Tsohon ya ɗaga malfar Yaya sama, ya sa ta tsakaninsa da rana, ya leƙa ta ciki. Haske na shigowa ɗigo-ɗigo, ƙanana ƙwarai. Ya nemi inda bai lalace ba a bakin ta Auta, ya yi mata haka. Ɗigon hasken iri ɗaya ne, faɗin silin iri ɗaya, tazarar ɗinkin da ya haɗa layi da layi ita ma iri ɗaya.

"Hannu ɗaya ya saƙa su," ya ce.

A wurare da yawa da ake saƙa hular ganye a duniya, da ƙanƙantar saƙa ake auna ta. Hular da Turawa ke kira Panama, wadda a ƙasar Ekwado ake saƙa ta, kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun gado na duniya a 2012, darajarta tana ƙaruwa ne gwargwadon yawan silin da aka cusa a inci ɗaya. Abin da tsohon ya yi da ido da rana ke nan. Masaƙi ma ya fita.

Auta ya ce, "To ruwa ne, Baba. Bana marka ta yi yawa."

Yaya ya yi dariya. "Wane ruwa? Ni da nake bin shanun huɗa, in kai su kiwo da yamma, ruwa ya dake ni ya fi a ƙirga. Kai fa?"

"Ni ai ban taɓa bari ya dake ta sosai ba. Da na ji yayyafi nake ɓoye ta."

Tsohon ya ɗago ya dubi Auta, ya yi kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya juya ga zancen ruwan. Malfar kaba, in ji shi, jinka ce ƙarama. Abin da ke hana ɗakin jinka yoyo shi ne gangarensa da yadda ciyawa ke hawa kan ciyawa, ruwa ya bi ya sauka kafin ya sami hanyar shiga. Bayan haka, bayan ganyen kaba yana da santsi da ruwa ba ya kamawa da sauri, kuma in silin ya jiƙa yakan kumbura ya toshe 'yan ƙofofin da ke tsakani. Da an ɗauke ruwa iska ta buga, sai ta bushe ta koma yadda take. Malfar da ta fi shan ruwa ita ce mai rai, wadda aka ɓoye wa ruwa ita ce matacciya. Ruwan sama ba shi da laifi.

Aka koma kan rana. Ita kam tana cin kaba, ba musu: tana kashe mata launi, ta busar da ita har ta riƙa karyewa. Amma ɓarnar rana daga waje take farawa, daga ƙololuwa da saman baki, kuma kabar da rana ta ci ƙas take karyewa. Ta Auta ba karyewa take ba, laushi ta yi, tana yagewa. Tsohon ya sa basilla ya ɗago zaren da aka ɗinke layukan da shi. Zaren buhu ne, na roba. Ya ja shi da ƙarfi, bai tsinke ba.

"Kun san buhun da aka bari a rana, yadda yake komawa gari? Irin zaren nan rana ta fi saurin cinye shi a kan kaba. Da rana ce, shi zai fara mutuwa. Ga shi garau, kabar da ke kewaye da shi ce ta ruɓe. Abin da ya ci malfar nan yana cin ganye, ba ya cin roba."

Wannan magana ta sa Yaya ya kawo sunan gara. Tsohon ya kife malfar ya karkaɗe, ko ƙwayar ƙasa ba ta faɗo ba, alhali gara ba ta cin abu ba tare da ta lulluɓe shi da jar ƙasa ba. Ɓera kuma yakan bar gurbin haƙori, ya kwashe abin da ya yanka ya kai sheƙa. Babu ko ɗaya. Abin da ke akwai, da aka juyo cikin malfar ga haske, shi ne ɗigo-ɗigon baƙi da tsanwa-tsanwa, sun fi yawa a cikin ƙoƙo, suna raguwa zuwa baki. Fumfuna ce. Tsohon ya kai malfar hancinsa, ya yamutsa fuska, ya miƙa wa Yaya.

"Zarni!" in ji Yaya. "Na faɗa maka bunsurun Inna ba ya barin komai a tsakar gida."

Auta ya rantse malfarsa ba ta taɓa kwana a tsakar gida ba, balle dabba ta kai gare ta. Aka ce ko zufa ce. Amma zufa a inda malfa ke taɓa goshi take barin shaida, zobe guda, kuma Yaya mai bin shanu ya fi Auta zufa. Wannan warin ya game malfar duka. Tsohon ya kankari cikin saƙar da farce, ya fito da wani farin gari-gari mai ɗan danshi, ya murza shi tsakanin yatsu. Sai a lokacin ya yi tambayar da ya haɗiye ɗazu.

"Kai babba, ina taka take kwana?"

"A ƙusa, Baba, jikin bangon rumfar da ake girki. In na dawo sai in rataye ta in wuce."

"Kai fa, Auta? Ka ce kana ɓoye ta."

"Ni adana ta nake yi. Ina sa ta a buhu in ɗaure baki, in ɗaure a bayan babur. In na dawo gida a nan take kwana, da safe in na isa gona in ciro ta."

"Wane irin buhu?"

"Da fari na masara ne. Daga baya na ga yana shan ruwa, sai na canza na taki, tunda shi yana da leda a ciki."

"Yaushe ka canza?"

"Bayan mun zuba Yuriya."

"Yaushe malfar ta fara laushi?"

Auta ya yi shiru yana lissafi. Sun zuba Kamfa masara na da kamar mako biyu, suka bi da Yuriya tana da mako biyar zuwa shida, wajen ƙarshen Yuli. Har lokacin malfar lafiya lau take. Cikin Agusta ta fara wari, kafin watan ya ƙare ta saki. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ga yadda abin ya faru. Fumfuna tana bukatar danshi da ɗumi da abinci, kuma ba ta son iska mai wucewa. Malfar da aka wuni da ita a ka ta sha zufa, ta sha raɓar safiya, ta sha yayyafin da ya fara sauka kafin a ɓoye ta. In aka rataye ta, kafin gari ya waye ta bushe. Buhun masara saƙaƙƙe ne, iska na ratsa shi, shi ya sa malfar ta jure masa. Buhun taki mai kilo 50 kuwa an yi masa leda a ciki ne musamman don kada danshi ya shiga, kuma ledar da ke hana danshi shiga ita ce ke hana shi fita. Kullum malfar Auta takan kwana a jiƙe, cikin ɗumin ɗaki, a watan da iska ta fi kowane wata laima.

Ledar kaɗai ta isa ta kashe ta, amma ragowar takin ta gaggauta aikin. Kowane manomi ya san in aka bar buhun Yuriya a buɗe da damina, sai ya jawo ruwa daga iska ya dunƙule ko ya narke. Ragowar da ke maƙale a kusurwar buhu haka ta yi, ta narke ta shiga cikin kaba. Kashi 46 cikin 100 na Yuriya sinadarin naitirojin ne, wanda busasshen ganye ba shi da shi sosai, kuma rashinsa ne ke sa kaba ta daɗe ba ta ruɓe ba. Masu haɗa takin gargajiya sukan yayyafa Yuriya a kan tarin kara da ciyawa don ya yi saurin ruɓewa. Idan kuma Yuriya ta jiƙa, ƙwayoyin halitta kan farfasa ta, ta saki iskar amoniya, wadda ita ce zarnin da aka ɗora wa bunsuru. Wannan iska tana tausasa zaren ganye. Da ita masu kiwo a Nijar da wasu ƙasashe ke gyara tattaka da bambaro: a narka Yuriya kamar kilo 4 zuwa 5 a yayyafa wa kilo 100, a rufe da leda mako biyu zuwa uku, ya yi laushi dabba ta ci. A can yawan iskar yakan hana fumfuna tsirowa. A buhun Auta ragowa ce kaɗan, kuma kullum ana buɗe shi, don haka fumfuna ta sami abinci ba ta sami mai hana ta ba.

Ba abin mamaki ba ne da hannunsa ya kai ga wannan buhu. Tun shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe, takin zamani da masara suka zauna daram a wannan yanki. Yau da wuya ka shiga gidan manomi ba ka ga buhun taki ya zama jaka ko shimfiɗa ko murfin kaya ba. Ita kuwa malfar Yaya, ba da niyya ba ya sama mata wuri mafi dacewa: inuwa, iska, da ɗan hayaƙin murhu da ke korar ƙwari.

Yaya ya miƙe zai yi godiya, tsohon ya ce ya zauna, da saura.

"Auta, me ya sa tun farko kake sa ta a buhu? Yayanka bai taɓa sa tasa ba."

"Gonata da nisa, Baba, da babur nake zuwa. In na sa ta a ka, iska ke fizge ta. Sau biyu tana faɗuwa a titi."

Tsohon ya kama siririyar igiyar fatar da ke jikin malfar Yaya, ya ɗaga ta. Ɗinkinsa ne, ya gane abinsa. Ranar da aka sayi malfar, Yaya ya biyo ta nan ya ba da 'yan canji aka sa masa igiyar haɓa. Auta ya ce ɓarnar kuɗi ce, ya wuce. Da akwai igiyar, da in zai hau babur sai ya tura malfar baya ta kwanta a gadon bayansa, yadda makiyaya ke yi, iskar tafiya ma ta busar da ita. Rashin igiya ya kawo buhu, buhu ya kawo leda da taki, su kuma suka kawo fumfuna. Ba banza ba mahayan da ke ɗora malfa a kan rawani ranar hawan sallah suke sa mata maɗauri, haka ma manoman shinkafa na ƙasar Biyetnam ba sa rabuwa da maɗauri a hularsu ta ganye mai tsini.

Daga wannan shari'a mai sayen malfa zai iya fitar da ma'auninsa. Ya fara tabbatar da kaba ce, ya lanƙwasa bakin kaɗan ya ga ta dawo ba ta yi ƙara ba. Ya ɗaga ta ga rana: in haske na zubowa da yawa, rana da ruwa ma haka za su zubo. Ya bi ɗinkin da yatsa, musamman a ƙololuwa da inda ƙoƙo ya haɗu da baki, don nan take fara saki. Ya zaɓi mai gangare a kan shimfiɗaɗɗiya, saboda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ya sansana cikinta, don wata tun a ɗakin ajiyar ɗan kasuwa ta kamu. Faɗin baki kuma ya rufe kunne da ƙeya. A Ostareliya, inda cutar dajin fata ta yi yawa, masu yaƙi da ita suna ba da shawarar kada bakin hular babba ya gaza santimita 7.5, kuma ba sa lissafa hana-sallah cikin hulunan da ke kare rana, tunda goshi kawai take rufewa. Malfar kirki ta wuce wannan awo nesa. Ga zabiya, wanda rana ke yi wa illa fiye da kowa, wannan faɗin magani ne. Kafin a bar kasuwa, a biya wajen baduku ya sa igiya, in da hali ya naɗe bakin da fata, don daga baki saƙa ke fara warwarewa.

Wanda ya fi son hular yadi ta zamani mai faɗin baki, irin ta masu aikin safiyo da ma'aikatan titi, dokar ba ta canza ba. Ta auduga in ta kwana a jiƙe cikin leda ita ma fumfuna za ta ci. Ta nailan ba ta ruɓewa, amma in ba ta da ƙofofin iska, kai zai dahu a ciki. In an rubuta UPF 50 a jiki, ana nufin kashi ɗaya cikin 50 na hasken rana mai ƙona fata ne ke ratsa yadin. Kuma ko wace iri ce, ba ta maye gurbin hular kwano a kan babur.

Ajiya kuwa ba ta cin ko kwabo. A rataye malfa a inuwa inda iska ke wucewa. Kada a naɗe ta, kada a ɗora mata kaya, kada a auna taki da ita ko a ɗebi iri mai magani. Mai feshi ya ware wadda zai riƙa sawa, don kaba na shan abin da ya zuba a kanta. Da hunturu, in ta bushe ƙwarai, a ɗan yayyafa mata ruwa kada ta karye.

Manomi ɗan'uwa, in ka sayi malfa bana, kada ka bar kasuwa sai da igiya a jikinta, in ka isa gida kuma ka kafa mata ƙusa. Buhun taki na taki ne.